Buhun Geron da Na Kai wa Bafulatani Gaisuwa

Sallar asuba kawai muka yi a Gumel ranar Laraba muka ɗau hanya, ko shayi ban sha ba. Ni ke jan tsohuwar motar ƙungiyar rumbun abinci ta yankinmu. Aikinmu mu karɓi hatsi a hannun masu hali mu ajiye, in damina ta yi tsakiya rumbuna sun ƙare mu kai wa marasa shi. Tare da ni akwai malamin da ke rabo da wata hajiya mai kula da ɓangaren mata.

Gagarawa muka fara, inda manoma suka tara mana gero da wake. Gonaki sun yi kore shar, amma kore ba ya shiga tukunya. Na tambayi kuɗin kwanon gero a bakin tasha, da aka faɗa sai na wuce abina. Ƙosai ma ya ƙanƙance, kamar da cokalin shayi ake zuba shi. Gaskiya bayana ya gaji da aikin nan, ramukan hanya kuma ba sa tausayin mai shekaru.

Da azahar muka shiga wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, yashi ya riƙe taya sai da mutanen gari suka tura mu. Aka yi rabo a gindin darbejiya lafiya lau. Muna naɗe igiya mai unguwa ya ce akwai wani dattijon Bafulatani a ruga can gaba, gidansa ya fi kowa shiga wahala, amma ya ƙi zuwa. Saniyar tatsa ɗaya ta rage masa, fara mai karyayyen ƙaho, nononta jikokinsa ke sha. Gobe Alhamis zai kora ta kasuwar Maigatari ya sayo hatsi.

Muka je. Malam ya yi masa bayani mai kyau har da aya. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdulillahi, muna da shi. A ba mabuƙata." Ga turmi a kife, murhu ba ko toka. Irinsu sun gwammace su kwana da yunwa da a ga hannunsu a miƙe.

Ni kakana Bamange ne, wato reshen Barebari, kowa kuma ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Na sauko da buhu na dire a gabansa.

"Kai bawana, tashi ka ɗauka. Ubangidanka ne ya zo duba ka, na ga ka rame."

Ya ɗago ya kalli tsagar fuskata. Sai ga haƙora.

"Au, Babarbare ne? Yaushe bawa ya yi baki haka? Gaisuwa ka kawo, kuma ka makara. Kai ciki, kada ka zubar min."

Ni na kinkima har bukka, yana bina yana cewa ragon bawa Allah ya haɗa shi da shi. Matarsa ta miƙo min nono a ƙwarya, ya ce ladan dako ne. Na shanye.

A Maigatari muka kwana. Da safe abokan tafiyata suka shiga wajen dillalan hatsi neman gudummawa, ni na nufi kara, kasuwar dabbobi. Raƙuma, shanu, mutanen Damagaram da kamyonsu, wato manyan motocin kaya, ba masaka tsinke. Na zaga har ƙafata ta yi ciwo ina neman fara mai karyayyen ƙaho. Ban gan ta ba. Sai a lokacin na zauna na ci balangu, ya kuwa yi min daɗi.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na koya shi ne loda buhu ƙarfi kawai yake buƙata, sauke shi a gidan mai kunya shi ne aikin. Dā na yi niyyar ajiye makullin motar bayan wannan tafiya. Har yanzu yana aljihuna.