Yayata da Ta Ƙi Rubuta Mugun Baffa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran yayata, malamar sakandare kuma marubuciyar littattafan matasa, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ta cika a ɗakinta, taga a buɗe kamar yadda take so, mijinta na zaune a gefenta.

Yaya, masu zuwa gaisuwa sun yi ta ambaton littattafanki. Ni ƙaninki na san gidan da suka fito.

Muna yara, Baba kafinta ne, mutum mai kwarjini. Da mun ji ƙarar kekensa a ƙofar gida, kowa sai ya nemi aikin yi. Inna kuwa ko akuya ba ta iya tsawata wa. Sai ranar da injin tsaga katako ya datse wa Baba yatsun hannun dama. Kafin shekara ta zagayo, gidanmu ya juye. Baba ya koma mai zama a kan benci yana kiranmu mu taya shi hira, har da ba mu labarin ƙuruciyarsa. Inna ta ɗauki keken ɗinki, ta ɗauki ciyar da gida, ta kuma ɗauki faɗa, abu kaɗan sai ta hau mutum. Baffa, ƙanin Baba, direban babbar mota da ba ya dawowa daga tafiya bai fara biyowa ta gidanmu ba, ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Kowa ya ce ya gudu ne don kada a ɗora masa nauyinmu, muka girma da wannan a ranmu.

Da kika fara koyarwa, kina yawan ƙorafi a kan littattafan da ake ba ɗalibanki. Kika ce duk labarin ɗaya ne: arziki ya tafi, dangi su zama kuraye, yaro ya yi haƙuri har ya yi nasara, su dawo suna sunkuyar da kai. Kika ce yaron da ya karanta wannan, in wahala ta shiga gidansu, zai ɗauka uwarsa ta daina sonsa ne don ta daka masa tsawa. Shi ya sa kika zauna rubuta naki, a kan teburin cin abinci, tsakanin tarin takardun jarrabawa.

Kin kai babin da ƙanin uba zai juya baya, sai alƙalami ya tsaya. Kika ce mini ba za ki iya rubuta mutumin da ba ki san dalilinsa ba. Kika ɗauki mayafi, kika tafi tashar manyan motoci, kika sami Baffa a ƙarƙashin rumfa yana wanke fuska da ruwan jarka. Kin ba ni labari cewa kin tambaye shi abin da ya sa ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Sai ya ce, "’Yata, ni na kawo masa injin nan. Yana aikinsa da zarto lafiya lau, na dame shi sai ya karɓa. Da wane ido zan kalli hannunsa?"

Haka kika rubuta shi. Da littafin ya fito, kika zauna a ƙasa kusa da bencin Baba, kika karanta masa babin. Ya saurara har ƙarshe, ya share fuska da gefen riga, ya ce, "Je ki ce wa wawan nan ya zo. Hannun hagu ma ana gaisawa da shi." Da yamma Baffa ya shigo, ya tsaya a tsakar gida kamar baƙo, har sai da Baba ya matsa masa wuri. Tun daga ranar tare suke cin abinci, har Allah Ya yi wa Baba rasuwa.

Inna ce ba ta yafe miki da wuri ba. Jikoki suka fara karanta mata littafin, ta aika aka kira ki.

"Ni ce matar nan mai masifa? Yaushe na taɓa jifan wani da ludayi?"

Kika ce, "Inna, murfin tukunya ne. Rage miki na yi."

Ta kai miki duka da mafici, tana dariya har da hawaye. Amma da aka kai inda matar take ɓoye ciwon bayanta don kada yara su gani, sai ta daina dariya, ta ce, "Ashe kina lura."

Kina lura, Yaya. Ɗalibar da ta fara rashin kunya a aji, ba kya kai ta ofis sai kin tambayi abin da ke faruwa a gidansu. Wata daga cikinsu, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta zo gaisuwa da tsohon littafinki wanda bangonsa ya yage. Ta ce mini a shekarar da aka sallami mahaifinta daga aiki ta yi niyyar barin gida, don ta gaji da zafin ransa. Ta karanta, ta fasa. Ta ce yanzu shi yake raka ’ya’yanta makaranta.

Da ciwo ya kwantar da ke, naki gidan ma ya sauya, kina kallo kina murmushi. Mijinki da ko shayi bai iya haɗawa ba ya koyi girki marar gishiri, yana ɗanɗanawa yana ɓata fuska. Babbar ’yarki, mai sanyin hali, ta koma faɗa da kowa, har da likita. Na so in yi mata magana, kika riƙe hannun rigata, kika ce, "Ƙyale ta, tsoro ne. Zai wuce." A makon ƙarshe ita ce take tsefe miki kai, kuna hira ƙasa-ƙasa kuna dariya. Ban taɓa jin kin ce me ya sa sai ke ciwon ya kama ba. Kin ce kin ga ɗalibanki sun zama mutane, kin ga gidanmu a haɗe, kuma wannan ya ishe ki.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Yadda kika nemi uzuri ga bayinSa, Shi ma Ya karɓi naki. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, ga mijinki da ’ya’yanki, ga Baffa da tsufa ya hana shi fita amma bai daina tambayar ki ba, da ɗalibanki a duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙuri da juna a bayanki, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.