Abin da Na Rubuta a Ƙarƙashin Hoton Mama

Muna sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku: ni da direba da mai ɗaukar mana hoto. Jimeta muka nufa, wurin taron wata ƙungiya da ke tallafa wa mutanen da masu tada ƙayar baya suka raba da garuruwansu.

Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, shirya taro nake da manhaja. Kowane mai jawabi da kowane mawaƙi ina buɗe masa shafi, in sa hotonsa da sunansa da 'yan layuka kan rayuwarsa, baƙi su duba a waya kafin su zo. Kwana biyu kafin tafiyar aka turo min takardun waɗanda za su hau dandamali. A ciki akwai wata mawaƙiya, dattijuwa mai toya ƙosai a unguwar Dubeli, kowa Mama yake ce mata. A gefen takardarta an rubuta da biro cewa ta yi watanni a tsare a daji kafin ta kuɓuta. Mu kuwa a wannan harka mun saba, labarin da ya fi ban tausayi shi ke cika kujeru. Ban tambayi kowa ba, na kwashe na zuba a ƙarƙashin hotonta, har da ɗan gishirina. Na saita manhajar ta tura wa baƙi da azahar ranar tafiya.

Hanya har Gombe ba laifi. Daga Kaltungo ne ramuka suka fara gaisawa da ƙashin bayanmu, direba yana ta mita kamar mu muka haƙa su. Shingen sojoji kuwa na daina ƙirgawa. A Numan muka tsaya cin kifi, mai tallar ta ji Hausarmu ta Kano ta ninka kuɗin nan take, muka biya muna dariya don kifin ya yi daɗi. A nan wayata ta nuna min saƙon ya tafi, na ji daɗi na ƙara lemo.

Da la'asar sakaliya muka shiga Jimeta. Zafi kamar an buɗe murhu, titi cike da keke mai ƙafa uku, don tun shekarun tashin bama-bamai aka hana acaɓa. A ƙofar masauki muka tarar da mai kula da mawaƙan, wata malamar makaranta 'yar Numan. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta miƙo min wayarta, shafin Mama a buɗe.

"Malam, wa ya ce ka sa wannan? Na ofis ne, don mu san yadda za mu lallaɓa ta. Shekara da shekaru tana Dubeli, ba wanda ya sani."

A tsaye na goge shafin, bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Malama ta ce ai an makara, wani baƙo ya riga ya ɗauki hoton shafin ya jefa a zauren wasaf na unguwar, da niyyar yabo ma. Ta yi min bayanin abin da ban sani ba: a nan, wanda ya dawo daga daji mutane da yawa ba sa sakin jiki da shi. Wasu su ce an juya masa tunani, wasu su ce yana kai rahoto. Mama kuwa da cinikin maƙwabta take ci, kuma ɗakin haya take zaune.

Washegari da safe muka tafi Dubeli ni da Malama. Lungu ne na ƙananan shaguna, masu shayi da masu ɗinki. Muka same ta a bakin kasko, ƙosai ya cika tire ya huce, lokacin da ya kamata a ce ta kusa tashi. Can gaba kaɗan mata sun yi layi wurin wata mai ƙosan. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ne na yi, na ba ta haƙuri. Ta dube ni ta jima, ba faɗa ba zagi, ni da ma zagin ta yi da na fi samun sauƙi.

"Yarona, waƙa aka ce in zo in yi," ta ce da irin Hausarsu ta nan. "Maƙwabciyata ya zo ya karɓi tukunyansa jiya. Tare muke cin abinci tun da na zo garin nan."

Na ce zan sake rubutu in gyara. Ta ce me zan gyara, ai ba ƙarya na yi ba.

Taron ya yi kyau a ido. Zaure ya cika, allo yana nuno masu jawabi ɗaya bayan ɗaya, lasifika ba ta ba mu kunya ba. Na ɗauka Mama ba za ta zo ba, sai ga ta da zanenta na fita, ta ce ta yi alkawari. Waƙar niƙa ta yi da yarensu, irin wadda mata ke yi a kan dutse, Malama ta ce min waƙar tsokanar miji malalaci ce, ta ban dariya. Ba wanda ya yi dariya. Wayoyi kawai aka ɗaga mata, wasu suna share hawaye. Da ta sauko aka yanyame ta, kowa yana son jin yadda dajin yake. Ina bayan allo ina kallo, kunya ta hana ni fitowa.

Kwana uku muka yi muka juyo. Mun sake ratsa Numan, ban ce a tsaya ba, abokan tafiyata ma ba su tambaya ba. Bayan magariba muka iso Kano lafiya, alhamdu lillahi.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba wani mai zurfi ba ne, abin da ya kamata in sani tuntuni ne. Yanzu ba na sakin shafin kowa sai na kira shi na karanta masa, ya ji da kunnensa, ya ce ya yarda. Baƙi sun watse sun koma gidajensu, ita ce aka bari da unguwar.

Shekaranjiya Malama ta kira ni. Mai gidan hayar ya ce Mama ta nemi wani wuri, wai sauran masu haya sun tsorata. Ta tattara kaskonta ta koma Namtari, can wajen gari, wurin wata 'yar garinsu. Na roƙi Malama ta yi min kwatancen gidan, in je da kaina in ga abin da zan iya yi.

Malama ta ce, "Ta ce in gaya maka ta yafe. Amma don Allah kada ka neme ta, can ba wanda ya san ta tukuna."