Madambacin Inna

Shekarun baya, lokacin da tashin hankali ya raba mu da gidanmu na unguwar Miskine muka dawo unguwar Kilomita Biyar, mahaifiyata ta kwanta ciwo. Ta daina cin abinci. Kunu ma sai an yi da gaske take kurɓa. Wata safiya ta kira ni ta ce, “Babana, dambu nake marmari.”

Wayyo, daɗin da na ji! Sai dai madambacinta na can Miskine, inda ba mai iya leƙawa, kasuwa kuma rabinta a rufe. Na ce abu mai sauƙi, ai tukunya ce da ramuka a gindi. Na ɗauki tukunyarta ta dalma na nufi shagon abokina mai haɗa tagogin alminiyam.

Ni da ko ƙusa ban iya bugawa daidai ba, na zaɓo meshi, wato bakin injin huda, mai kaurin yatsa, wai don a gama da wuri. Abokina ya fizge.

“Kai, rariyar wanka za ka yi? Tsakin duk cikin ruwa zai zube. Ɗauki siririn nan.”

Ya nuna min yadda zan fara dasa alama da ƙusa don kada bakin ya zame, in riƙa ɗiga kananzir saboda dalma na liƙe wa meshi. “Yeke yeke,” in ji shi da yaren Sango, wato a hankali. Ina na ga ta a hankali, Inna na kwance da yunwa? Na danna da ƙarfi, ƙaras, ya karye. Na biyu ma haka. Da ya ciro na ƙarshe, sai aka ɗauke wuta. Wallahi a bakin shagon na zauna na yi kuka, gemai-gemai da ni.

Sai washegari muka gama, shi ke hudawa ina ɗiga kananzir. Matata ta wanke tukunyar tas, ta turara dambu da zogale, tururi ya cika tsakar gida. Na kai wa Inna. Ta riƙe kwanon kusa da fuskarta, ta lumshe ido, ta daɗe haka.

“Inna, ki ci ko loma ɗaya.”

“Ba zai wuce ba, Babana. Ƙanshin gidana nake so in ji, kuma na ji.”

Ta ce a miƙo mata madambacin. Ta shafa gindinsa, ta ce ramukan na da kaifi, in goge su kada su yanke matata. A makon Allah ya karɓi abarsa.

Na goge su. Har yau da shi ake mana dambu, yara na wawaso. Ni dai da na ga an ɗora shi a wuta nake zura takalmi in fita, don ƙanshin nan ya fi ƙarfina. Allah ya jiƙan Inna.