Mama Perpetue, Mai Duba Famfon Kowane Gida

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ofishin 'yan haya na unguwarmu, unguwar benayen gwamnati da ke gefen Yawunde. Ta share bakin ƙofa da kanta, ta ci fanke da wakenta a tsaye, sannan ta ɗauki littafin ƙorafi da tsohuwar sifanarta. Shekara ashirin da shida ke nan Mama Perpetue Abomo tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. A rubuce aikinta ƙarami ne: ta lura da famfon da ke yoyo da magudanar da ta toshe, ta turo mai gyara.

Amma kowace Talata da Alhamis, da hantsi, in maza sun tafi aiki, takan zaɓi bene ɗaya ta hau tun daga ƙasa har hawa na huɗu, tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Ba ta tsallake ko ɗaya. In an buɗe sai ta wuce kicin, ta kunna famfo ya yi ta zuba da ƙarfi don kada maƙwabta su ji, sannan ta yi wa matar gidan tambaya ɗaya: "'Yata, a gidan nan akwai mai ɗaga miki hannu?"

Ba a makaranta ta koyo wannan ba. Daga kuskurenta ta koya, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba.

Shekara tara da suka wuce, Clarisse Eyenga, uwar yara uku, ta zo kawo ƙorafin yoyo. An gama rubutu amma ta ƙi tashi. Da ƙyar ta faɗi cewa mijinta Zambo yana dukanta. Mama Perpetue ta tura ta ofishin jin daɗin jama'a. Can aka nemi takardar shaidar zama, ita kuwa ba a ba kowa sai wanda sunansa ke kan takardar haya, wato Zambo, tunda shi ne ma'aikacin gwamnati. Aka ce ta koma, za a aiko mata da sammaci.

Sammacin ya zo teburin Mama Perpetue. Al'adar unguwarmu ita ce duk takardar da ta zo a miƙa wa shugaban bene, shi kuma ya damƙa wa maigida. Ta yi haka ya fi sau dubu. Ta haɗa takardar da sauran sanarwa ta ba Papa Bikoe, shugaban benen su Clarisse, ba tare da ta tsaya ta yi tunani ba. Shi kuma ya sami Zambo a mashayar bakin titi cikin abokansa, ya miƙa masa yana dariya: "Maƙwabci, madam ta kai ka ƙara, sai a goge kwat."

Washegari Clarisse ta shigo ofis da hannu a karye. Zambo ya gaya mata cewa gidan da sunansa yake, in ta sake zuwa wurin mutanen nan za ta tarar da kayanta a matakala. Ba ta zargi kowa ba. Ta ce, "Mama, ki gaya musu na janye. Gara dukan da in kwana a titi da yara uku."

A faɗi gaskiya, duk benen ya ji abin da ya faru. Bangon gidajen nan ko tari ba ya riƙewa. Aka ƙara sautin rediyo, aka ce maganar gida ce. Wannan rashin imani ne, ba kawaici ba.

Mama Perpetue ta je wurin daraktan hukumar gidajen da buƙata biyu: duk baligin da ke kwana a gida a ba shi shaidar zama da sunansa, kuma takardar ofishin jin daɗin jama'a ta shiga hannun mai ita kaɗai. Ta yi ta zarya har masinjoji suka ware mata kujera. Wata rana daraktan ya gaji ya ce, "Mama, wai famfo aka ba ki ko auren mutane?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, famfon ma in ya fashe ba na tambayar sunan wa ke takarda kafin in turo mai gyara." Sai da aka ci wata goma sha huɗu kafin ya sa hannu.

Saura yadda za ta kai ga Clarisse. In ƙofarta kaɗai ta ƙwanƙwasa, kafin ta sauko labari ya isa mashaya. Sai ta yanke ta bi kowace ƙofa, ta yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Matar wani kanar ta taɓa harzuƙa ta ce ko an san matar wa ce ita. Mama Perpetue ta amsa cewa an sani, amma in ta tsallake manya, duk ƙofar da ta tsaya a kai ta zama abin nuni. Matan da ba su jin Faransanci tana yi musu gurgun Turancinta. Wata makauniya kuwa ta yi ta maimaita mata lambar wayar masu taimako har ta haddace.

Sau biyar Clarisse tana cewa babu komai. A karo na shida sai hawaye suka zubo mata. Mama Perpetue ta buɗe littafin ƙorafi ta zaro shaidar zama mai ɗauke da sunan Clarisse, wadda ta daɗe tana yawo da ita. Suka fita da kwanduna kamar masu zuwa kasuwa, suka nufi ofishin jin daɗin jama'a. Bayan 'yan watanni aka ba Clarisse ɗaki biyu a wata unguwar, da sunanta, yaranta na tare da ita. Hannun dai har yau ba ya miƙewa sosai.

Ke ce, Mama, kika yi kuskure kika tsaya a gabansa, ba ki laɓe bayan al'ada ba. Ke ce kika hau matakalar da albashinki bai ce ki hau ba. Uwar masu jin tsoron magana, Allah ya saka miki.

Makon jiya, a ɗan taron ban kwana, Clarisse ta zo. Mama Perpetue ta ja ta gefe ta sake neman gafara a kan takardar nan. Clarisse ta ce, "Haba Mama, karo na nawa ke nan? Wasu sun yi abin da ya fi haka sun koma gida sun ci abincinsu. Ke kaɗai kika dawo ƙofata."

Mun gode, Mama Perpetue. Ku kuma da ke zaune bayan tebura, da shugabannin benaye, da mu maƙwabta masu kunne: kafin ku miƙa takarda, ku tsaya ku duba hannun da za ta shiga. Mai ita ce za ta kwana a gidan, ba ku ba.