Batirin da Na Kai wa Inna a Wurma

Mun tashi da asuba daga Karofi, ni da wani maƙwabcina mai jaki. Bari in faɗi dalilin tafiyar tukuna, don ba na son labari ya fara daga tsakiya.

Yayana malamin allurar shanu ne. Ya sayi wani tsohon babur a hannun Baturen dabbobi, ya hau shi har lokacin da ya kama hanyar Makka a ƙasa, ya bar shi a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, a Wurma. Damina ta zagayo sau da yawa, babu shi babu saƙo. Shi ne ɗan farinta, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma tambayar kowa labarinsa. Abu ɗaya take yi: in ta idar da sallar asuba sai ta danna ham ɗin babur ɗin, yadda Yaya yake yi in ya iso bakin gari. Ni nake zuwa jefi-jefi in tada injin don batirin ya sha wuta, domin na taɓa yin yaron mota. To, sai aka aiko mini cewa ham ya yi shiru, Inna kuma ta daina cin abinci.

Da hantsi muka shiga Dutsin-Ma. An yi ruwa, hanya duk caɓi, gero ya kai gwiwa, ya kuma yi tsada a kasuwa kamar yadda ya saba a wannan lokaci. Muka wuce tashar mota, wajen wani mai sayar da tsofaffin kayan ƙarfe. Batir uku ya fito da su.

Na farko na babbar mota ne. Maƙwabcina ya ce a ɗauki shi, tunda ya fi auki. Na ce masa ba doya muka zo saye ba; akwatin batirin babur tafin hannu biyu ne. Na biyu ya yi daidai da awon da na zo da shi a jikin kara, amma da na juya gindinsa sai na ga tsaga an lulluɓe da kwalta. Na ajiye. Na uku ƙarami ne mai rami uku, irin na Yaya. Na buɗe murafan na leƙa, farantan darmar da ke ciki ba su yi fari ba. Na goga waya a kawunansa biyu, ya yi tartsatsi shuɗi. Shi na ɗauka.

Batir ba ya son kwanciya, ba ya son girgiza. Na zaunar da shi cikin ƙwarya, na cusa ƙaiƙayi a gefe, na ce ni zan ɗauka a ka. Bayan mun ƙetare wani rafi sai maƙwabcina ya karɓe ni, ya ɗora a cinyarsa bisa jaki, ban yarda ba ya nace. Kafin mu kai Kurfi ruwan batir ya ɗiga, ya huda masa wando wuri biyu. Bai sake cewa zai taimaka ba.

A Kurfi muka sha fura da nono mai kauri, muka kwana a zauren wani malami abokin mahaifinmu. Da safe na roƙe shi ruwan sama, irin wanda yake tara a kwalba don wanke allo. Ya ba ni, ya tambaye ni ko an ji labarin mai babur. Na ce a'a. Ya yi addu'a mai tsawo.

Hanyar Wurma na san ta a bayan Yaya, ina riƙe da rigarsa, iska na cika mini baki. Wannan karon na bi ta da ƙafa, ina ganin kowace tsamiya da muka saba wucewa kamar ƙiftawar ido.

Na tarar da Inna a kan tabarma, ta rame. Bayan gaisuwa ta ce, “Abin nan ya yi shiru.”

Na ce, “Batir ne, Inna.”

Ta ce, “Uhm.” Ba ta yarda ba.

Na yaye zanen da ta rufe babur ɗin da shi. Ko ƙura babu. Na kwance wayar da ke haɗe da jikin ƙarfe tukuna, sannan ɗayar, haka ake yi. Da na ciro tsohon batirin sai na ga ya cika maƙil, bakinsa ya yi fari kamar tulun kanwa.

“Inna, wa ya zuba masa ruwa?”

“Ni mana. Na ga kana ba shi in ka zo. Kai kuma ka daɗe. In bar shi da ƙishirwa?”

“Ruwan ina?”

“Na rijiyarmu. Shi ya sha ya girma.”

Ban tambaye ta wa take nufi ba. Na kankare wayoyin da wuƙa, na zaunar da sabon, na ɗaure, na shafa man shanu a kawunan don kada su yi tsatsa. Na ce ta zo ta danna ham. Ta ce in danna da kaina. Na ce ba aikina ba ne. Ta miƙe da ƙyar, ta sa babban yatsa.

Ƙarar ta kori kajin gidan har waje. Inna ta tsaya tana saurare bayan ta ɗauke hannu. Can ta ce, “Ya fi na da ƙarfi. Kamar ya matso.” Sannan ta juya ta ce a ɗumama mata tuwo.

Na tada injin na bar shi ya yi gudu a tsaye. Na ba ta kwalbar malam, na ce wannan kaɗai yake sha, kuma sai in na zo.

Washegari muka juyo ta Kurfi, muka iso Karofi lafiya, sai dai wandon maƙwabcina. Abin da na koyo ga shi. Na ɗaya, a auna akwati kafin a sayi batir. Na biyu, a duba gindinsa. Na uku, ruwan rijiya na kashe shi, zama ba aiki ma na kashe shi. Na huɗu bai shafi batir ba. Ni na san ƙarar ham ba ta da haɗi da mutumin da ke wata ƙasa. Na san wayar da ke kawo ta. Duk da haka, da zan fito, na faki idon Inna na danna sau ɗaya, na tsaya ina kallon hanyar gabas.