Tela da Kofin Tanis

Watan da maigidana ya rasu, sau uku ina ɓatar da mabuɗin ɗakina. Ina da wata maƙwabciya tela. Ta zare mayafina daga igiyar shanya, ta ɗinka masa ƙaramin aljihu ta ciki, ta mayar inda ta ɗauko. Sai da na yafa na ji shi. Tun daga nan nake ce mata Yaya.

Shekara talatin da ɗoriya tana ɗinki a ɗakinta na bakin ƙofa: keke ɗaya, benci ɗaya, da gwangwanin maɓallai da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ba ta da yawan dariya, kuma ba ta taɓa cika alkawarin ɗinki a ranar da ta faɗa ba, amma ba a taɓa dawo mata da riga ba.

Bara ciwon ɓarin jiki ya taɓa ta, hannun dama ya yi nauyi. 'Yarta, wadda ke aure a wani gari, ta ce wata uku za ta bayar: in hannun bai dawo ba, za a rufe keke, Yaya ta koma wurinta. Likita ya ce a riƙa motsa yatsun. Shi ne 'yar ta sa mata wasan tanis a waya, irin wanda ake jan yatsa a kan gilashi, ɗan mutum ya bugi ƙwallo ya tsallaka raga.

Da farko abokin karawarta, wani mai jar hula da ke cikin wayar, cinye ta yake yi ba tausayi. Ta ce wannan bai samu tarbiyya ba. Ni kuwa ina kan benci da carbina, ina kallo. Na lura tana jan yatsa a miƙe, a hankali, kamar mai bin layin ɗinki, ƙwallon kuma ya tafi hannun mutumin kai tsaye. Da na faɗa mata, ta ce ita ba a koya mata jefa wa mutum abu nesa da shi ba. Na ce to ta yi kamar tana yanka yadi a karkace. Ranar ta ci wasanta na farko.

Sauran ita ta gano da kanta. Ba ƙwallon ake kallo ba, inuwarsa. A bari ya dira kafin a buga, don mai gaggawa raga yake samu. In ka buga, ka koma tsakiya. In ka kai mutum kusurwa sau biyu, na uku ka ajiye masa gab da raga. Ta ce duk wannan ai haƙuri ne kawai aka sa wa gajeren wando.

Cikin wata biyu ta wuce mai jar hula, ta wuce wata doguwa mai kore, wayar ta ba ta kofi. Duk wanda ya shigo sai ya gani. Abin da ni kaɗai na gani shi ne, tun sati na uku, da hagu take bugawa. Hannun daman yana kwance a cinyarta, yana kallo kamar ni. Sau ɗaya na yi maganar. Ta ce hannun dama ba ya cin wasa, ita kuma ba za ta zauna mai jar hula yana wulaƙanta ta a ɗakinta ba.

Ranar da 'yar ta zo, tana fara yaba kofin na miƙe na nufi famfo. Na daɗe a can. Da na dawo, na tarar ba a ma nemi shaidata ba. 'Yar ta miƙa wa uwar allura da zare ne kawai. Zaren yana ta rawa a bakin kafar, ya ƙi shiga. Washegari aka lulluɓe keken da zane, aka sa a mota.

'Yar ta tambaye ni daga baya wace salla ce nake wa shiri da hantsi. Da safen ranar da 'yar za ta zo ne Yaya ta kira ni, ta ce:

"Ƙanwata, in ta tambaye ki da wane hannu nake bugawa, ban ce ki yi ƙarya ba. Ki tashi ki je ki yi alwala."