Goggo Ba Ta Shiga Gaba

Duk wanda ya taɓa raka Goggo ko da bakin titi ne ya san halinta: ba ta shiga gaban mutum. In kun zo ƙofa sai ta ja gefe ka fara wucewa. In matakala ce tana bayanka, ko da kai ne mai ciwon gwiwa. Mutanen waje sun ɗauka kunya ce. A gida an san inda abin ya samo asali.

Goggo tela ce, shekara talatin da ɗoriya tana taka keke a shagon da ke jikin gida. Su uku iyayensu suka haifa: mahaifinmu, wanda take kira Yaya, sai ita, sai Auta.

Auta ne ya shigo da gem gidan, wasan nan da ake jonawa a talabijin, watan da ya fara tuƙa babbar mota. Ɗan akwati ne ruwan toka, da hannaye biyu masu dogayen wayoyi, da kaset ɗaya tal wanda ba ya kamawa sai an hura shi. A ciki sojoji biyu ne, mai koriyar hula da mai jar hula, suna gudu suna harbi, ba tsayawa. Harsashi ɗaya ya taɓa ka, rai ɗaya ya tafi. Koriyar ta Goggo ce, kuma ta fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Yatsun da suka saba zira zare a allura ba sa kuskuren maɓalli. Auta kuwa gaggawa gare shi. Zai faɗa rami da ƙafarsa, sannan ya juyo yana zagin waya.

Gem ɗin yana da wata ƙa'ida. In rayukanka sun ƙare ka danna maɓalli, sai a ɗebo ɗaya daga na abokinka, sojanka ya faɗo daga sama. Auta ba ya tambaya, dannawa kawai yake. Ta sa masa suna Ɓarawon Rai, shi kuma ya ce mai rai biyar tana rowa, ko jikokinta take ajiye wa?

Mataki na huɗu hawan dutse ne, ana tsalle daga tudu zuwa na sama. Hoton yana bin wanda ke gaba, wanda ya makara ƙasan gilashin talabijin ya haɗiye shi. Wata rana da yamma Auta ya sace mata biyu a jere, ya bar ta da ɗaya. Haushi ya kama ta. Ta ji yana cewa ta jira shi, ta ji sarai, amma ta yi tsalle, ta sake yi. Jar hular ta nutse a ƙasa.

Ya ajiye hannun a kan matashi, rabi dariya rabi fushi. "Kin bar ni a baya ko, Yaya Tela? To, Allah ya kai mu na dawo."

Da safe ya fita da lodi. Bayan kwana tara aka sami motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, kaya ba a taɓa ba, makulli a jiki. Shi kuwa har yau.

Goggo ce ta riƙe makullin ɗakinsa. Ta yi aure ta tafi da makullin, mijin ya rasu ta dawo da shi. Kullum in ta rufe keke da la'asar sai ta shiga, labule a sake kamar yadda ya bari, ta yaye mayafin da ta ɗinka wa talabijin, ta hura kaset, ta zaɓi wasan mutum biyu. Hannu na biyu yana kan matashi. Mai jar hula ba mai tuƙa shi, tun a farko yake ƙarewa. Ita kaɗai za ta kai gindin dutsen, ta tsaya a tudun farko da rayukanta a ajiye, tana jira. Ba ta sake hawa ba.

A shekara ta huɗu, tana tsaye a nan, lambar rayukanta ta sauka daga biyar zuwa huɗu. Jar hula ta faɗo daga sama, ta tsaya kusa da ita.

Ta waiga. Matashin yana nan, hannun yana kansa, ba kowa. Amma yatsunta ba su tsaya ba. Ta yi ta harbe duk abin da ya doso mai jar hular har wani harsashi ya kuɓuce mata. Daga nan abin ya riƙa faruwa, wani lokaci sau biyu a wata, wani lokaci rani guda shiru. Ta yanke wa kanta hukunci: Auta yana wani wuri da ransa. Matacce me zai yi da rai?

Wannan ne ya raba ta da Yaya. Shi yana so a buɗe ɗakin, a faɗa wa dangi ƙarara cewa Auta ya rasu, a yi masa addu'a irin ta mamaci. Mahaifiyarsu ta bar duniya tana kallon ƙofa, ba ya son su ma su tafi haka. Amma ba zai faɗa ba sai da yardarta, ita kuma makulli yana ɗaure a gefen zaninta. Da furfura ta cinye kansa ya kawo shawara: a kira mai gyara ya duba hannun. Ta yarda ba gardama, don ta tabbata ba abin da zai gani.

Mai gyaran tsoho ne, tabaransa ɗaure da zare. Da ya ga akwatin ya yi dariya, ya ce rabonsa da irinsa tun yana da haƙoran gaba. Ya nemi haske don ƙananan kusoshi, ya yaye labulen da ba a taɓa yayewa ba. Ya buɗe hannun, ya nuna musu robar maɓalli ta narke, ƙarƙashinta tsatsa ta yi kore. In iska ta yi danshi, in ji shi, sai abin ya danna kansa. Ya tambaya ko da damina ya fi yi.

"To ga ɓarawonki nan, baiwar Allah," ya ce, yana gogewa da auduga.

Ta kunna a gabansu, ta kai gindin dutsen, ta tsaya. Suka jira har Yaya ya gaji da tsayuwa ya zauna a bakin gado. Ba abin da ya faɗo. Ta ce dama ba kullum yake zuwa ba, hannunta a kan makulli. Yaya ya sunkuyar da kai. Ya san ba ta bayarwa.

Mai gyara ya kashe talabijin zai tafi. Rana ta bugi gilashin ta gefe, sai ya tsaya, ya ce ai gilashin ya ƙone. Hoto in ya daɗe wuri ɗaya yana barin inuwa, ko an kashe. Ya nuna da yatsa: ga ɗan soja can ƙasa, inda take tsayawa.

Goggo ba ƙasa take kallo ba. Can sama, tudu uku gaba da nata, akwai wata inuwar, tsayinsu ɗaya, duhunsu ɗaya.

Mai gyara ya shafa da hannun riga, ba ta goge ba. Ya ce kafin a sami irin wannan sai hoto ya yi shekaru yana tsaye a wurin. Wataƙila mai talabijin ɗin na farko ne. Yaya ya ce shi da kansa ya yanke igiyar kwalinta, sabuwa. Tsohon ya soma tattara kusoshinsa.

Ta daɗe tana kallo. A duk shekarun nan idonta yana ƙasan gilashi, inda ya nutse.

"Yaya," ta ce a hankali, "ashe ba shi ne a baya ba."

Ta kwance makullin ta ajiye masa a gwiwa, ta ce ya faɗa wa mutane. Talabijin kaɗai ta roƙa. Da suka zo fita mazan biyu suka nufi ƙofa kamar yadda aka saba, sai suka ga ta riga su, har ta kai tsakar gida.

Talabijin ɗin tana shagonta yanzu, bayan keke, ba mayafi. Ba ta ƙara kunna ta ba. Wajen ƙarfe biyar rana tana shigowa ta taga, masu kawo ɗinki su kan tambaya me ya ɓata gilashin, ita kuma ta ce su ɗaga hannu ta auna.